Ranar da Aka Shigar da Janareto Ɗakin Kaka

Ranar wata Laraba ce a farkon daminar 2003, ina aji huɗu a firamare a Gummi, hadari ya taso daga gabas ana gama Azahar. Baba da Inna suna gona wajen shuka. A gida daga ni sai Kaka, mahaifiyar Baba, sai kuma janareto yana ta ɓarin baki a tsakar gida.

Wannan inji shi ne cinmu, shi ne shanmu. Da shi firizar Inna take daskarar da ƙanƙara da zoɓon sayarwa, don wutar gwamnati sai ta ga dama take leƙo mu. Amma kai, ya ci ƙuruciyata! Sa'o'ina suna langa a ƙofar gida, ni ina durƙushe ina tace fetur da tsohon kallabin Inna, saboda man 'yan bumburutu ba ya rasa yashi. In duba baƙin mai, in kankare filogi, in ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Da rana ta take, in kashe shi ya huce, in gyara masa inuwa da zana. Dokar Baba kullum ita ce, "Kada ka zuba mai nai da zafi, kada ruwa shi taɓa shi." Zancen hayaƙi kuwa bai taɓa yi ba, don shi ma bai sani ba.

Da yayyafi ya fara, Kaka ta fito da sanda tana faɗa. "Ko akuya ba a bari cikin ruwa, balle abin da ka ciyar da gida. Kawo shi ɗakina." Kashe shi kuma ba dama, zoɓon bai kama ba. Muka ja shi ciki, ta saki asabari ta tura ƙyaure saboda feshi, muka zauna muna ɓarar gyaɗar iri.

Kaina ne ya fara sarawa, sai amai ya taso mini. Kaka ta ce iska ce ta biyo hadari ta shafe ni. Ta lallaɓa ta zuba turaren tsari a kasko, ta ƙara toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada maganin ya fita. Daga nan ban san komai ba. Na farfaɗo a tsakar gida cikin taɓo, Inna tana jijjiga ni tana salati, Baba ya ciccibo Kaka kamar buhun dawa. A asibiti aka gaya masa hayaƙin inji ne, wanda yake kisa ba ya wari.

Ni na warware cikin kwanaki. Kaka ta tashi, amma hankalinta bai dawo daidai ba. Baba ya yi wa injin rumfar kwano a bayan gida, nesa da kowace taga, kuma washegari ni ne dai na ja igiyar, don sai an ci abinci. Wallahi na tsane shi, kuma na ci gaba da yi masa hidima har na bar gida.

Yau rufin unguwarmu duk sola ne, yara suna wasansu ba mai kiransu tace fetur. Ina taya su murna, amma shirun nan yana tuna mini da Kaka a bakin ƙofarta, tana bina da ido cikin ladabi kamar baƙo. Har ta koma ga Allah ba ta sake gane ni ba.