Juma'ar Da Na Cire Baba Daga Cikin Sha Ɗaya

Na daɗe a Madina, har wasu abubuwan da suka faru da ni sun fara cakuɗe mini a kai. Amma akwai wata safiyar Juma'a da na tabbata ko na tsufa na koma gida ba za ta fita daga raina ba. A kan wasa ne kuwa abin ya faru, wasan ma wanda yawancin mutanenmu ba su damu da shi ba, wato kurket.

Ni mai haɗa magani ne, ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a wajen Ƙiblatain. Kurket kuwa a makarantar kwana na koye shi a Kaduna, a hannun wani malaminmu na lissafi. Ga wanda bai san shi ba, mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya tare ta da katako ya buga nesa, su yi ta gudu suna tara maki. In ƙwallo ta wuce mai bugu ta kayar da sandunan nan uku da ke bayansa, ko aka cafe ta a sama, to ya fita. Ban taɓa zaton wannan wasan zai yi mini rana a ƙasar Larabawa ba.

Wanda ya jawo ni ciki wani dattijo ne ɗan Pakistan, mai kula da siton magunguna na asibitin. Mutanensu suna kiransa da wata kalma mai ma'anar kawu a yarensu, amma a bakin Bahaushe kalmar caca take fitowa, don haka ni Baba nake ce masa. Lokacin da na zo, iyalina ba su iso ba tukuna, daga aiki sai masallaci sai ɗaki. Ran nan na sauka sito karɓar kaya, na tarar yana kallon wasa a waya, na ce mai jifan nan hannunsa bai miƙe ba. Ya ɗago kai ya dube ni kamar ya ga ɗan uwansa da ya ɓata. Juma'ar nan da kansa ya zo ya ɗauke ni zuwa fili.

Shi ya kafa ƙungiyar ma'aikatan asibitin tun kafin yawancinmu mu zo. Shi ya nemo filin, wani fako a bayan gonakin dabino na Al-Awali, shi ya sa aka dafe tsakiyarsa da siminti. A cikin motarsa kayan wasa suke kwana. Duk Juma'a daga sallar asuba sai fili, mu tashi da hantsi don mu samu Juma'a.

A shekarar da nake ba da labari, ƙungiyarmu ta kai wasan ƙarshe a wata 'yar gasa da ake yi tsakanin ma'aikatan kamfanoni a lokacin sanyi. Ba mu taɓa kaiwa nan ba. Mu goma sha biyar ne, sha ɗaya ne za su shiga, kuma kowa yana so.

Makon wasan ƙarshen ya zo daidai da wani babban wasa na ƙasa da ƙasa, irin wanda ake kwana biyar ana bugawa. Masu zaɓen 'yan wasan ƙasarsu Baba sun ajiye wani tsohon gwani sun ɗauki sabon jini, sai ɗakin cin abincin asibiti ya koma majalisa. Wasu suna cewa an ci amanar mutumin da ya yi wa ƙasa hidima, wasu suna cewa ya gama yayinsa. Ni da ba ƙasata ba ce, sai na sa baki ina dariya.

"Ni ban ga abin musu a nan ba," na ce. "Wanda ya fi iyawa yau shi ake sakawa. Ba a buga wasa da tarihi."

Kyaftin ɗinmu, wani nas ɗan Indiya, ya ajiye cokali ya dube ni. Dama kwana biyu kenan suna ja-in-ja da mataimakinsa a kan wa zai shiga ranar Juma'a, kowa ana zarginsa da fifita 'yan ƙasarsa.

"To shi ke nan, an samu mafita," ya ce. "Kai ba namu ba ne, ba nasu ba ne, kuma ƙafarka a gurɗe take, ba za ka buga ba. Kai za ka zaɓa. Abin da ka rubuta shi ne."

Kowa ya amince, har da Baba da ke zaune a gefe yana shan shayi. Gaskiya na ji daɗi. A lokacin gani nake an san darajata ne, ban san kaya aka ɗora mini ba.

Ranar Laraba da na tashi aiki bayan la'asar, na zauna a mota da takarda da biro. Suna goma suka fito ba wahala. Na sha ɗayan ne ya tsaya mini, tsakanin Baba da wani direban motar ɗaukar marasa lafiya ɗan Sri Lanka, magidanci marar yawan magana da ya shigo ƙungiyar a shekarar. Direban nan jifansa yana da sauri, yana kuma da ƙafar bin ƙwallo. Baba kuwa ya doshi sittin, gwiwa ta fara ba shi matsala, kuma a wasanni ukun da suka wuce duk wanda ya tsaya gabansa sai ya kwashi maki. Ba wanda bai gani ba, ba dai wanda ya faɗa. Na rubuta sunan direban.

Sai na ɗauki waya na nemo lambar Baba. Na daɗe ina kallonta ban danna ba. Me zan ce wa mutumin da ya ɗauko ni daga ɗaki ya kawo ni filin? A ƙarshe na ce wa kaina adalci shi ne kowa ya ga sunayen lokaci guda, kada a ce na yi shawara da wani. Yanzu na san ba adalci ba ne ya hana ni kiran, tsoro ne. Na tura sunayen a zauren hirarmu na waya, na tayar da mota.

Kafin in isa gida Baba ya rubuta, "Masha Allah, zaɓi ya yi kyau." Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta wuce. Duk da haka ranar Alhamis ban iya sauka sito ba. Kayan da nake buƙata ta kwamfuta na nema, aka hawo mini da su.

Ranar Juma'a bayan asuba motar asibiti ta kwashe mu daga Ƙuba. Direbanta Bahaushe ne haifaffen Madina, kakanninsa ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Kano suka zauna. Kawu nake ce masa. Bai san komai a kurket ba, cewa yake wasan masu tsayuwa a rana ne, amma kowa ya sani a asibitin. Na zauna gaba kusa da shi kamar kullum, sai na ga bai amsa gaisuwata da fara'a ba.

"Ya duktur, lesh ka yi haka?" ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci, idonsa a kan titi.

"Me na yi, Kawu?"

"Tsohon nan. Ɗansa babba ya zo umara, ni na ɗauko shi a maɗar, filin jirgi, ranar Litinin, yana sauka daga jirgi. Tun a mota uban yake ce masa, Juma'a za ka ga babanka a fili. Yaron bai taɓa ganin ubansa yana wasa ba, yani tun yana goye uban yake nan. Kuma tsohon ya gama, khalas, bayan wata biyu zai koma gida gaba ɗaya. Ba ka sani ba?"

Ban sani ba. Ban kuma sani ba ne saboda ban tambaya ba. Haka muka bi ta tsakanin katangun gonaki muka fito fili.

Baba ya riga mu isa. Ya kafa sanduna, ya share siminti, ya sauke tulun ruwa. Yana sanye da fararen kayan wasansa a goge, kamar kowace Juma'a. Kusa da shi ga wani mutum mai kimanin shekara talatin, mai irin goshinsa, yana rawar sanyi. Baba ya gabatar da ni gare shi, ya ce wannan shi ne abokina ɗan Najeriya da nake ba ka labari. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ja shi gefe na ce, "Baba, ba a miƙa wa alƙali takarda ba tukuna. Zan gyara. Kai za ka shiga."

"Wa za ka cire?"

Na dubi takardar da ke hannuna. Ya nuna direban nan ɗan Sri Lanka da baki, yana can yana ɗaura takalmi.

"Wancan ya roƙi abokin aikinsa ya karɓe masa aikin yau don ya zo. Ya gaya wa matarsa an zaɓe shi. In ka cire shi yanzu ka saka ni, kowa a filin nan zai san tausayi ne, har ɗana. Bar takardarka yadda take. Ba ni littafin maki."

Haka aka yi. Ya zauna a kan kujerar roba da littafi a cinya, ɗansa a tsugunne gefensa. Mu muka fara bugu, muka tara abin da ba shi da yawa amma ba abin kunya ba ne. Da abokan karawarmu suka karɓa, sai suka yi ta cin maki har muka fara cire rai. Ana nan kyaftin ya miƙa wa direban ƙwallo. A jifa shida ya fitar da mutum biyu, ɗaya ma sandar tsakiya ya tuge masa. Daga baya ya bi wata ƙwallo da gudu har kusan bakin katanga ya cafe ta, ya faɗi a kan tsakuwa bai sake ta ba. Da maki huɗu muka ci wasan.

Aka yi ta ihu, aka ɗaga direban sama. Wasu suka zo suna dafa kafaɗata suna cewa na iya zaɓe. Na hango Baba tsaye yana tafi da gaske, yana nuna wa ɗansa yadda aka riƙe ƙwallon da ta tuge sandar. Da aka kawo kofi, kyaftin ya ce Baba ne zai karɓa, ya karɓa, aka ɗauki hoto.

Bayan kowa ya fara watsewa na tsaya taya shi loda kaya a mota. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Da na san ɗanka ya zo, da ba haka na yi ba."

Ya rufe bayan motar, ya juyo.

"Da ka yi kuskure kenan," ya ce. "Zaɓenka daidai ne. Ni ma na san ƙafata. Da ka zo ka ce mini, Baba, wannan karon ka zauna, da ni da kaina zan rubuta a zauren cewa na janye, in gaya wa ɗana ni ne mai horar da su. Amma muna cin abinci da shi wayar ta yi ƙara, na miƙa masa na ce karanta mini, ban sa tabarau ba. Ya karanta suna goma sha ɗaya, ya sake karantawa daga farko. Daga tagar ɗakin maganinku zuwa sitona matakala ɗaya ce, ɗana."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Ya kama hannuna ya ce mu hanzarta kada mu rasa sahu a Harami.

Juma'ar da ta biyo baya muka shirya wasa na musamman don yi masa ban kwana, ya yi jifa, ya buga, har ya fitar da mutum ɗaya. Amma ɗansa ya riga ya koma tun ranar Talata. Bidiyo muka tura masa. Baba ya tafi a lokacin da ya ce zai tafi, kuma har yau muna gaisawa duk sallah, bai taɓa tayar da maganar ba.

Daga baya an ba ni shugabancin sashenmu, na sha zaɓen wanda zai tafi hutu da wanda zai jira, wanda za a ƙara wa girma da wanda za a tsallake. Ba kullum nake daidai ba. Amma abin da na koya a filin nan shi ne, hukunci ya zama daidai bai isa ba, yadda ya isa kunnen mai shi ma hakki ne a kanka. Tun daga ranar, duk wanda zan bari a baya, sai na tashi na same shi inda yake, na gaya masa baki da baki, kafin takarda ta fita daga hannuna.