Rumfar Gada a Bakin Bindiga

A shekarun da nake kabu-kabu tsakanin Bukkuyum da Zugu, na taɓa ɗauko wani malamin jami'a, siriri kamar tsinken tsire. Aikinsa tsintar ganye. Ya shimfiɗa cikin tsohuwar jarida, ya matse tsakanin katako biyu, ya ɗaure tamau, wai in ya bushe a adana a ɗakin ajiyar tsirrai na makarantarsu. Ranar rumfar gada ya samo, igiyar nan rawaya mai nannaɗe itace. Ya ce 'yar'uwar fiya ce. Na ce to ni ma ƙanen giwa ne.

Muna fitowa daga daji 'yan sa-kai suka tare mu. A 'yan kwanakin ne ɓarayi suka kashe musu mutane a gona, idonsu a rufe yake. Babu tambaya, sai gora. Ni an zuba mini marin da har yau kunnena na hagu yana kama tashar rediyo. Malam kuwa suka fasa masa baki da gindin bindiga, jini ya wanke rigarsa.

Babbansu ya kwance katakon, ya ga ganye a jere. "Boka na! Maganin bindiga shika haɗa ma ɓarayi."

Wani ya zaro adda.

Na ce, "Baba, ku gwada mana, ku harbi ganyen. In magani na, harsashi ba shi cin shi."

Suka yarda: in bai huda ba, a yanka Malam. Sai suka mayar da katakon, suka jingina ƙunshin gaba ɗaya jikin itacen marke. Kaurinsa ya kai katifa, bindigar toka ba za ta ratsa shi ba ko da igwa ce ta haife ta.

Na ce, "Haba Baba, katako aka sha ko ganye? Ku zaro ganyen."

Suka zaro jaridar rumfar gada, suka soke ta a reshe da ƙaya. Sai Malam, da bakin nan nasa: "Don Allah kada ku harbe ta, ita kaɗai ce mai fure!"

Adda ta sake tashi. Na dunƙule hannu na dirka wa Malam a ciki don ya rufe baki, ya durƙushe.

Bindiga ta tashi. Da hayaƙi ya washe, jarida ta zama rariya, ganye ya koma garin kuka.

Babban ya tofar da yawu. "Ku ɓace."

A hanya jinin Malam na ɗiga a kafaɗata, ya taɓa ni. "Tsaya, ga wata rumfar gada can."

Na ƙara wuta, sai Bukkuyum.