Farin Raƙumi a Kasuwar Gure

"Jaki ka ce mini makon jiya," in ji Aisami. "Na ɗaukar albasa zuwa kasuwa."

Mainasara ya ce, "Makon jiya ai Hamidu bai dawo ba. Yau raƙumi nake so, Baba Aisami. Wancan farin."

Aisami dillalin dabbobi ne a kasuwar Gure. Dā makiyayi ne a Alakos, har shekarar da fara ta cinye ciyawa, garkensa ya ƙare, ya shigo gari daga shi sai sanda. Zama wuri ɗaya ne bai koya ba. Ko ciniki yake, ƙafarsa tana tonon yashi.

Mainasara kuwa mai lambu ne a kwari. Jiya ɗansa Hamidu ya dawo daga aikin hanyar Nasara, bayan an fid da rai. Tun safe ya sayi jar hula, yana raba goro har ga waɗanda bai sani ba.

La'adar raƙumi ta fi ta jaki nesa. Amma a Gure, in dabba ba ta karɓi mai saye ba, dillali ake nunawa da baki, kuma Aisami ba shi da wata dukiya sai sunansa. Ya sha ganin mai murna ya saya da hantsi, ya dawo da rigima kafin la'asar.

"Mu je ka duba haƙoransa," ya ce.

Sai ya bi da shi ta doguwar hanya, ta wajen masu kanwa, ta rumfar masu tabarma, nan gaisuwa, can gaisuwa. Rana ta take. Dariyar Mainasara ta fara raguwa.

"Ina za ka ɗaure shi?" in ji Aisami.

"Gindin dabino."

"To ya gode, ya sami kalaci. Kiwo fa?"

"Ga Hamidu."

"Wanda ya dawo jiya? Shi za ka sake turawa daji?"

Mainasara ya tsaya. Ya cire hular, ya share gumi, ya daɗe yana kallon raƙumin daga nesa.

"Mu koma ga jaki. Jakar nan mai ruwan toka tana nan?"

"Tana nan, in ba a riga mu ba."

Aka yi ciniki, mai jaka ya sallama. Mainasara ya riƙe igiya, yana juya hular a ɗaya hannun.

"Ita ma in mayar?"

"Hula ba ta cin dabino. Sa abarka."

Mai raƙumi yana can yana harararsa. Aisami bai juya ba. Ya saɓa sandarsa, ya nufi wajen awaki, inda wata tsohuwa ke jiransa.