Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ranar Laraba ce, da hantsi. Ni da yayata Hanne muna daka a tsakar gidanmu a Kurugu. In gaskiya za a faɗa, ita ke dakan, ni ina yi mata waƙa ina satar gari ina afawa a baki. Baba ya tafi da shanu wajen Falgore tun farkon damina. Inna tana gindin rumbu tana kaɗa nono.

Hanne 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallon ta a gaban mutane. In tana neman ta sai ta ce, "Ke Tabawa, ce wa waccan ta zo." Ni kuwa har kajin gidan sun haddace sunana.

Kafin wannan rana wata mata ta taɓa zuwa, Hajiya Asabe, mai haƙorin Makka da ido irin na shaho. Ta ce riƙo take nema, za ta kai yarinya birni ta yi karatu. Ta nuna Hanne. Inna ta sunkuyar da kai ta yi shiru, don uwa ba ta tanka maganar 'yar fari a gaban baƙi. Matar ta ɗauki shirun nan a matsayin an ba ta.

Ranar Larabar nan, rana ta fara zafi muka ji ƙugin mota. Maza duk suna gona. Hajiya ta faɗo gida ba sallama, da ƙarti biyu a bayanta, ɗaya riƙe da dorina.

"Ɗauko ta!"

Hanne ta ƙanƙame taɓarya. Aka murɗe mata hannu, na ji ƙas. Na ɗafe ƙaton da ya murɗe ta na gantsara masa cizo. Tsohon takalmi ya fi shi daɗi.

"Haɗa da mai haƙoran!"

Inna ta taso, aka hankaɗe ta. Na ji ƙwaryar nono ta fashe. Ana jan mu a ƙasa ta yi ta kira, "Tabawa! Tabawa!" Sunana kaɗai ya iya fita.

Garin Rogo aka kai mu, wani gida mai doguwar katanga. Mun tarar da wasu yara mata, babu mai ɗaga kai. Karatun da aka yi alkawari tukwane ne. Akwai tukunyar da sai na shiga cikinta na miƙe tsaye kafin in kankare ta. Abincinmu ƙanzo. Baƙi kan zo su juya tafin hannunmu kamar masu tayin akuya, wadda aka zaɓa a tafi da ita aikatau gidajen birni. Wadda ta yi kuka, dorina.

Ranar Juma'a ladan ya yi kira, ƙartan suka tafi masallaci, wai su ma suna da abin gaya wa Allah. Hajiya ta kwanta. Minsharinta ya tashi kamar injin niƙa. Hanne ta durƙusa a jikin katanga.

"Hau."

Na taka bayanta, na taka kafaɗarta, na zauna a kan katangar. Na miƙo hannu in jawo ta. Hannun da aka murɗe ya ƙi ɗaguwa. Sai minsharin ya tsaya.

"Gudu, ke!"

Na dira cikin gonar dawa. Ganye na yankar fuskata, ƙaya na shiga ƙafata. Na ji motar a kan hanya, na kwanta rub da ciki har ƙugin ya ɓace. Da la'asar wani makiyayi ya tsince ni a bakin rafi, ya kai ni wurin mai gari. Washegari da safe 'yan doka suka fasa gidan. Sun sami yaran, sun sami Hajiya. Hanne kuwa tun jiya da yamma aka jefa ta a mota.

A Karaye aka yi shari'a. Hajiya ta zo da farin mayafi da carbi mai tsawon igiyar guga. Ta ce riƙo aka ba ta, yarinya ɗaya, ga ta can mai cizon mutane. Wata yarinyar kuwa, ita ba ta san ta ba.

Alƙali ya juya ga Inna. "Baiwar Allah, kina da wata 'ya? Yaya sunanta?"

Inna ta sunkuyar da kai. Haƙorin Hajiya ya ƙyalla. Na buɗe baki, alƙali ya ɗaga mini hannu. "Uwa nake tambaya."

Inna ta ɗago. Muryarta ta fito da ƙyar, kamar ƙyauren da ya shekara a rufe.

"Hanne. Sunanta Hanne. Ni na haife ta, kuma ban ba kowa ita ba."

Aka ɗaure Hajiya da ƙartanta, aka mayar da yaran gidajensu. Hajiya ta rantse ba ta san gidan da direba ya kai Hanne ba, direban kuma ya ɓace. Baba ya sayar da bijiminsa, ya bi birni unguwa-unguwa, ya dawo shi kaɗai.

An yi girbi, an sake shuka. Yanzu ni ke dakan, babu mai yi mini waƙa. Sau ɗaya na taɓa jin sunan nan a bakin Inna. Kowa a kotun ya ji, har Hajiya. Mai sunan ce kawai ba ta ji ba.