Pak Ngatimin, Mai Tsige Ceɗiya Daga Bango

Da an idar da sallar asuba, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika Tsohon Garin Semarang, Pak Ngatimin (a nan Pak kamar Malam ne) yakan fito da tsaninsa na gora a kafaɗa, kai a sama. Ba ƙofofi da tagogin da Turawan Holan suka bari yake kallo ba. Indararo yake dubawa, da tsagar bango, inda tsuntsu ya yi kashi ya bar ƙwayar ceɗiya. Da ya hango ɗan ganye, sai ya jingina tsani.

Aikin ke nan, fiye da shekara talatin. Tsiron da aka ƙyale, saiwarsa takan ratsa bulo ta ɗaga rufi.

Magina da yawa ba sa taɓa ceɗiya, don a nan an ɗauka tana da masu ita, wato mutanen ɓoye. Shi ma bai musa ba. Yakan yi sallama kafin ya sa hannu, ya naɗe tsiron a ɓawon kwakwa, ya kai maƙabarta ya dasa. Mai gadin wurin, Mas Darto, ya ce inuwar da masu ziyara ke zama a cikinta a yau, daga bangon Turawa ta sauko.

Koh Bing, wanda ya mayar da wani tsohon sito gidan shan gahawa, ya taɓa tarar da shi a kan rufinsa yana magana shi kaɗai.

"Pak, da wa kake hira a can?"

"Da 'yan hayarka, Koh. Lallashinsu nake su tashi."

"To ka ce su tafi da ɓerayen ma."

"A'a, waɗannan danginka ne. Girkinka suka biyo."

Gida ɗaya ne bai samu hawa ba, mai shi ya kulle ya bar gari. Saiwa ta cinye bangon, rufin ya rufta. Yau nan ne amare da angwaye ke layin ɗaukar hoto. Gine-ginen da ya kula da su kuwa ba su da abin nunawa, suna tsaye ne kawai. Na tambaye shi ko abin yana ci masa rai. Ya ce, "Hoton yana da kyau. Amma ba mai kwana a ciki."

A daminar da ta wuce tsanin ya zame a kan gansakuka, ƙugunsa ya karye. Ya kusa saba'in. Likita ya ce faɗuwa ta biyu ba za ta bar shi da ƙafa ba. Matarsa, Bu Sutinah, ta sa zarto ta yanyanka tsanin, ta yi wa kajinta akurki.

"Bu, gorar nan ta yi mini shekara goma!"

"Ni na yi maka arba'in, Pak. Tsakanina da ita, wa ka taɓa shafa wa mai?"

Pak Ngatimin, kai ne likitan bango, mai korar baƙo ba da faɗa ba. Allunan tarihin unguwar nan cike suke da sunayen waɗanda suka gina. Babu sunan wanda ya hana rushewa. Mun gode.

Har yanzu yana zagayawa da safe, yana nuni da sanda, masu gine-gine suna ce masa, "To, Pak, gobe." Jiya ya tsayar da ni a wani tsohon ofishin jiragen ruwa da ke bakin kogi, inda mata masu suyar lumpia, wani abin ci mai kama da samosa, ke zama a gindin bango. Can sama, a bakin indararo, akwai tsiro mai ganye huɗu. Ruwa zai sauko watan gobe.

"Bana yatsa biyu ya isa a tsige shi," in ji shi. "Baɗi sai gatari."

Bu Sutinah ta ji labarin ya fara tambayar maƙwabta aron tsani. Duk mai ƙaunar mutumin nan, ya riga shi hawa.