Ƙafar da Ke Kan Kwali

Shekara shida Perlita ta yi tana aikatau a Hong Kong, kuma duk tsawon lokacin nan ba ta san ƙafar 'yarta ba sai a kan kwali. Ta bar Marisol tana rarrafe a hannun kakarta, Lola Dionisia, a wani ƙauye bayan birnin Iloilo, a ƙasar Filifin. Duk shekara tsohuwar takan ɗora ƙafar yarinyar a kan kwali, ta zagaye da fensir, ta yanke, ta aika. Ran Lahadi, ranar hutun 'yan aiki, Perlita ta shiga kasuwa tana cusa kwalin cikin takalma har ta dace da mai araha. Takan ƙara faɗin babban yatsa, don jirgin ruwa wata biyu yake yi kafin kaya su isa gida.

Da wannan take tinƙaho a cikin ƙawayenta. Wasu su aika ya yi kaɗan, wasu ya yi burum-burum, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa kuskure ba. Ga hotuna suna zuwa, Marisol tsaye ƙyam cikin sabon takalmi. In an ba ta waya ta ce ya yi daidai, ta gode, ta miƙa wa kakarta.

Da iyayen gidanta suka ƙaura, Perlita ta dawo. Ta yi zaton za ta yi kuka ran da ta ga yarinyar, amma ko ƙwalla. Yarinyar ma ta laɓe bayan Lola tana kallonta kamar mai tallan sabulu. Haka suka yi wata guda, suna cin shinkafa a tebur ɗaya, kowa da shirunsa. Perlita ba ta jin daɗi, ba ta jin zafi, tana dai tashi ta yi shara.

Makaranta ta kusa buɗewa, ana son baƙin takalmi. Hannunta ba nauyi yanzu, sai gwanjo. Su uku suka je rumfar Manang Soling mai takalman gwanjo, mace mai baki, wadda ta ƙi karɓar kwalin bara da Perlita ta zaro daga jaka.

"Ga ƙafa a gabana, ki ba ni kwali? Kwalin ne zai je makaranta? Zo nan, 'yar gidana, taka takardar nan."

Fensir na taɓa gefen ƙafar, Marisol ta dunƙule yatsunta. Cakulkuli take ji. Manang Soling ta danna su da tafin hannu, ta sake zanawa, sannan ta ɗora kwalin bara a kai. Tazarar ta wuce girman shekara ɗaya nesa ba kusa ba. Ashe duk shekara a dunƙule ake zana ƙafar. Ta ɗaga ƙafar tana dubawa. Yatsu biyu sun hau juna, farcen babban ya yi baƙi.

"Wa ya yi wa yarinyar nan haka?"

Lola Dionisia ta ce, idonta a ƙasa, yarinyar takan yi kuka kam. To amma kaya ne da suka ƙetaro teku da gumin uwarta, da wane baki za a ce bai yi ba? Shi ya sa ta koya mata abin da za ta riƙa faɗa a waya.

Perlita ta tsaya tana jira abin ya soke ta. Bai soke ta ba. Ta ga dai hannunta ya ninke kwalin gida biyu, ya mayar cikin jaka.

Aka kawo wani baƙin takalmi mai maɓalli, an ɗan ci dugadugin amma fatar da sauranta. Perlita ta durƙusa da kanta ta sa mata. Karo na farko ke nan da ta riƙe ƙafar nan tun tana iya cika tafin hannu ɗaya. Ta danna bakin takalmin da babban yatsa, ta ji wayam.

"Ya yi daidai. Na gode," in ji Marisol tun ba a tambaye ta ba.

"Saki yatsunki, akwai wuri," in ji Perlita.

Yarinyar ta dubi kakarta, sannan ta dubi takalmin.

"Ai na saki. Haka suke."