Ƙwayar da Barakatu ta Zubar

Barakatu Gado ta fara aiki a wata tashar binciken noma da ke hanyar Managil a Sudan shekarar da aka karɓe wa mijinta hawasharsa, gonar audugar da hukuma ta ba shi. An ɗauke ta saboda hannunta ba ya rawa. Idan alkama ta fidda kai, sai ta tsuguna da hantsaki tana tsince zaren namiji daga kowane fure, uku-uku, ta rufe zangarniyar da jakar takarda. Bayan kwana biyu ta kaɗo garin furen masara ta barbaɗa. Shekara shida tana yi, ba wanda ya gaya mata dalili. Dakta Umair, mai aikin, yakan jefa mata "ya khala", wato inna, ya wuce.

A ta bakwai mataimakinsa ya tafi Saudiyya, aka ce ta yanko zangarniyun da kanta, ta ɓare, ta kai ɗakin gwaji. Ran nan ta fara ganin abin da hannunta yake haifarwa: ƙwayoyi farare, ruwa zalla, ana latsawa suna fashewa. Mace da ta girma da faifan shiƙa a hannu ta san irin wannan ba ya shiga rumbu. Kunya ta rufe ta. Ta watsa wa kaji, ta cika kwanukan gwajin da ƙosassun ƙwayoyi daga layin gefe.

Ashe mai ruwan ita ce aikin. A cikinta ɗan tsiro yake kwance, mai gadon uwa kaɗai, masara ta tashe shi ta janye. A kwalba ake renonsa, ya rage wa masu neman sabon iri shekaru. Bayanin bai kai shan shayi ɗaya ba. Dakta ya sha yi wa baƙin Khartum shi da Turanci, Barakatu na tsugune a ƙafarsu. Mantuwa ce? Ina! Leburar da ta san darajar hannunta gobe za ta ɗaga kai, shi kuwa hannun yake so, ban da kan.

Da Dakta ya gano ɓarnar, ya gama yi mata faɗa, ta ce, "Ya dakta, shekara bakwai ina gabanka. Ka taɓa tambaya ko na san abin da nika yi?"

Ya ce sani ba aikinta ba ne. A rahotonsa ya rubuta sakacin lebura, aka sallame ta.

Da ɗari ya zagayo aka ɗauki mata uku daga ƙauyensu a madadinta. An ba kowacce hantsaki da jakunkuna, an nuna musu layi.